Rubutun Leda a Kan Yadin da Ba Ya Jure Wuta

Sana'ar buga suna da lamba a jikin tufafi tana cikin ƙananan sana'o'in da matasan birnin Sakkwato suka runguma a 'yan shekarun nan, domin jarinta bai taka kara ya karya ba, masu kawo aiki kuma ba sa yankewa daga farkon shekara zuwa ƙarshenta. Ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na shiyoyi suna son lambobi a bayan rigunansu kamar yadda suke gani a filin wasa na Giginya, ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari suna buga rigunan kammala karatu, makarantun Islamiyya suna son sunansu a jikin hijaban ɗalibai ranar saukar karatu, iyayen amare suna kawo jakunkunan rabo a rubuta sunan ango da amarya, idan kakar siyasa ta kama kuwa sai hulunan hana-salla da lemomi su cika shago. Kaso mai yawa na wannan aiki, musamman wanda guda-gudansa ba su da yawa ko kuma kowace riga take da nata suna, ana yin sa ne da wata leda ta musamman wadda zafi yake manna ta a jikin yadi, wadda masu sana'ar suka fi sani da fileks.

Ledar tana zuwa ne a naɗe, kuma hawa uku gare ta ko da yake ido yana ganin ta kamar falle ɗaya. A sama akwai leda garai-garai mai jure zafi, wadda aikinta kawai ta riƙe haruffa a mazauninsu har a gama mannawa. A tsakiya akwai fallen launi, wanda shi ne zai zauna a jikin riga, kaurinsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, ana kuma yin sa da ɗaya daga cikin robobi biyu da ake rubuta su da haruffan PU ko PVC. A ƙasa kuma akwai busasshen gam wanda ba ya danƙo sai ya ji wuta. Ana tsara rubutun a kwamfuta a juye, domin wuƙar injin yanka ta bayan ledar take bi, sannan mai aiki ya zauna da allura ko tsinken ƙarfe yana ɗage duk abin da ba rubutu ba, har da ɗan ɗigon da ke cikin cikin harafin a da na o, wanda idan ido ya tsallake shi sai ya manne a riga ba ya fita. Daga nan sai a ɗora zanen a kan yadi, a saukar masa da faffaɗan ƙarfen injin matsi mai zafi na ɗan lokaci, gam ɗin ya narke ya ratsa tsakanin zaruruwa, idan ya huce ya kama su.

Abubuwa uku ne suke haɗuwa a wannan ɗan lokaci, wato zafi da tsawon lokaci da nauyin matsi. Leda ta gama-gari tana bukatar digiri 150 zuwa 160 a ma'aunin Salshiyas na tsawon sakan 10 zuwa 15, kuma a kan rigar auduga zalla wannan ba abin damuwa ba ne, domin auduga ba ta narkewa, sai zafi ya doshi digiri 200 ko lokaci ya yi tsawo sannan ta fara toyewa. Matsalar ita ce yawancin abin da ake kawowa shago a yau ba auduga ba ne. A Najeriya, ƙasar da a da take noma auduga ta kaɗa ta saƙa ta rina, wadda masaƙar zamani ta farko a Arewacinta ta buɗe a Kaduna a 1957 ta kuma rufe a 2002, yanzu yadin da ke cika rumfunan Sabuwar Kasuwar Sakkwato yawancinsa ta Kantin Kwari na Kano ko ta Legas yake isowa daga masaƙun Asiya, kuma zaren roba ne ya rinjaye shi. Foliyesta, wadda Whinfield da Dickson suka haɗa a Ingila a 1941, ita kaɗai ta haura rabin dukkan zaren da ake samarwa a duniya a yanzu. Saboda haka takardar umarnin da ke zuwa da leda rabin labari kawai take bayarwa, tunda abin da gam yake bukata take faɗa. Sauran rabin, wato iyakar abin da yadi zai iya ɗauka, mai aiki ne zai nemo shi da kansa, kuma wannan rabin shi ya kamata ya yi hukunci idan biyun suka saɓa.

Foliyesta ba ta narkewa sai a wajen digiri 250, kuma wannan adadi shi yake ruɗin masu koyo, su ɗauka cewa digiri 160 ba zai yi mata komai ba. Amma tun daga wajen digiri 70 zarenta yake fara laushi daga ciki, ta yadda idan zafi ya haɗu da nauyi sai zaren, wanda asalinsa mulmulalle ne, ya baje ya daskare a haka. Bajajjen zare yana mayar da haske fiye da mulmulalle, shi ya sa ake ganin wani murabba'i mai sheƙi a ƙirjin baƙar riga ko a bayan hijabi, daidai girman ƙarfen injin, da layi a gefensa kamar an ja da ƙusa. Wanki ba ya fitar da wannan tambari, domin ba datti ba ne, siffar zaren ce ta sauya. Ya bambanta da duhun da jar rigar auduga take yi idan ta fito daga inji, wanda ƙafewar danshi ne yake jawo shi, yakan kuma baje da kansa bayan rigar ta huce ta sake shan iska.

Illa ta biyu ta fi ta farko cin amana, domin ba ta bayyana a gaban mai aiki. Rinin da ake yi wa foliyesta ba irin na marina ba ne da ke kama bayan zare a cikin ruwa. Da zafi ake cusa shi cikin zaren, kuma zafin da ya shigar da shi yana iya fitar da shi. Rigunan ƙwallo masu zane-zane, waɗanda launinsu aka buga da tururin rini a wajen digiri 200, su suka fi kowane yadi saurin sakin launi, kuma sakin yana iya farawa tun zafi bai kai 150 ba. Rinin da ya motsa yakan shiga gam, daga nan ya riƙa hawowa cikin fallen launi a hankali. Ana iya buga farar lamba 10 a bayan jar riga da safe, ta fito fes, mai riga ya biya ya tafi yana godiya, bayan kwana biyu ko uku gefen lambar ya fara ja-ja, kafin mako ya zagayo ta koma ruwan hoda gaba ɗaya, wani lokaci ma har zanen da ke jikin rigar ya fito a cikinta. Ja da shuɗi mai duhu da baƙi su ne suka fi yin haka. Yanayin Sakkwato yana taimaka wa wannan ɓarna, domin a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a inuwa, rigunan da aka jibge da ɗuminsu aka ɗaure a leda aka bari a shago mai rufin kwano ko a bayan mota suna daɗewa ba su huce ba, rinin kuma yana ci gaba da tafiya. Maganin abin shi ne a rage zafi, a kuma yi amfani da leda mai shinge, wadda aka sa mata wani baƙin falle tsakanin gam da launi domin ya tare rinin. Ta fi tsada, ta kuma fi kauri a jiki, amma tsadarta ba ta kai ta biyan rigunan ƙungiya guda ba.

Duk wannan ya dogara ga sanin irin zaren da ke hannu, kuma nan ne kasuwa ba ta taimakon kowa, domin yadi da sunan yayi ake sayar da shi, ba da sunan zarensa ba. Atamfa tana iya zama auduga, tana iya zama kwaikwayo na roba mai zane iri ɗaya. Abin da ake kira tetiron, wanda ake yawan ɗinka kayan makaranta da shi, gauraye ne na foliyesta da auduga. Mayafi da yadin abaya da na hijabi yawancinsu roba ne. Takardar da ke wuyan riga kuwa ba kullum take faɗin gaskiya ba. Gwajin da tsofaffin teloli suka sani shi ne mafi sauƙi. Ana zare 'yan zaruruwa daga cikin kalmasa a kusantar da su ga ashana: auduga takan kama da wuta nan take, ta yi ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa a yatsa, foliyesta da nailan sukan noƙe su guji wutar, su narke, su bar wani ƙulli mai tauri da ba ya murjewa, ulu da siliki na gaske sukan yi ƙaurin gashi. Yadin da aka gauraya yakan nuna alamun biyu, kuma a irin wannan hali zaren da ya fi rauni ake bi wajen saita inji. Abin lura a nan shi ne da yawa daga cikin masu wannan sana'a ta ƙofar kwamfuta suka shigo ta, sun iya tsara zane amma ba su taɓa zama a shagon ɗinki ba, alhali telan da ke maƙwabtaka da su da taɓawa ɗaya yake gane abin da su sai sun ƙona riga suke ganewa.

Shi kansa injin ba a cika yarda da abin da yake nunawa ba. Kuskure mafi muni, wanda kuma yake da sauƙin aukuwa, shi ne na ma'auni, domin yawancin darussan da ake kallo a YouTube daga Amurka suke, inda ake lissafin zafi da ma'aunin Faranhait, kuma digiri 305 da suke ambata daidai yake da kusan 150 a Salshiyas. Ana cire 32 daga adadin, a ninka sau 5, a raba gida 9. Bayan wannan, injuna masu araha sukan nuna adadi ɗaya a fuska alhali tsakiyar ƙarfen ya fi haka zafi, kusurwoyinsa kuma ba su kai ba, sai a ga tsakiyar rubutu ya kama gefensa yana ɗagowa, mai aiki ya ƙara wuta domin gefen ya kama, tsakiyar rigar ta ƙone. Wutar lantarki tana da nata kaso. Matsakaicin inji yana jan abin da ya kai wat 1,400 zuwa 1,800, wanda ya fi ƙarfin ƙaramin janareta, kuma idan wutar da ya kamata ta zo da ƙarfin bolt 230 ta faɗo zuwa 180, zafin da ƙarfen yake iya samarwa yakan ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Sakamakon haka shi ne ƙarfen ba ya saurin maido da zafin da kowace riga ta zuƙe, sai riga ta farko ta fito daidai, ta goma ta fito da rubutu mai ɓanɓarewa, ba tare da an taɓa saitin ba. Jira kaɗan tsakanin riga da riga ya fi ƙarin wuta amfani.

Hanyar da ta fi dacewa da yadi mai rauni tana farawa ne tun daga sayen leda. Manyan masu yin ta, irin su Siser na Italiya da Poli-Tape na Jamus da Stahls' na Amurka, suna da nau'o'in da gam ɗinsu yake narkewa a digiri 120 zuwa 130 cikin 'yan sakanni, kuma wannan ragin na digiri 20 ko 30 shi ne sau da yawa bambancin da ke tsakanin riga mai kyau da riga mai tambari. Rage wa leda ta gama-gari zafi a ƙara mata lokaci yana aiki ne zuwa wani ɗan matsayi kawai, domin gam ɗin da bai kai zafin narkewarsa ba ko an yi minti guda ana dannawa ba zai ratsa zare ba. Akasin haka ma ba ya fisshe kowa: wuta mai yawa a gajeren lokaci kamar toya ƙosai ne a man da ya wuce misali, baya ya ƙone ciki bai nuna ba. Kafin a ɗora zane ana danna yadin shi kaɗai na sakan biyu ko uku domin danshi ya fita, musamman da damina, da hunturu kuma a kakkaɓe ƙura sosai, tunda yadin roba yana jan ta a busasshiyar iska, gam kuwa ƙurar zai kama maimakon zare. Sai a sa ɗan matashi mai jure zafi a cikin rigar, daidai girman zanen, domin wurin ya ɗago, ƙarfen ya sauka a kansa kaɗai, gefen ƙarfen bai taɓa yadi ba, zif da maɓalli da kaurin ɗinki kuma su kauce. Ana rufe saman da takardar gashi ko siririn farin ƙyallen auduga, a sassauta matsi, a danna a taƙaice sau biyu da hutu a tsakani maimakon sau ɗaya mai tsawo. Ɓare ledar sama kuwa ya danganta da nau'in, wata da zafinta ake ɓarewa, wata sai ta huce, amma a kan yadi mai talewa gara a jira, domin jan leda daga yadi mai ɗumi yana miƙar da shi ya bar haruffa a karkace.

Wasu kayan ba su da wannan sarari ko kaɗan. Jakunkunan rabon biki marasa saƙa, waɗanda jikinsu yake da 'yan ɗigo-ɗigo, da robar folifirofilin ake yin su, wadda take narkewa a wajen digiri 160, take kuma yamutsewa tun kafin nan, don haka saitin rigar auduga rami yake bari a jikinsu. Lema da rigar ruwa da jakar makaranta sau da yawa an shafe su da maganin hana ruwa shiga, wanda yake hana gam kamawa. Idan aka ɗiga ruwa ya dunƙule ya gangara bai jiƙa wurin ba, leda ta gama-gari za ta ɗago ko da ta yi kamar ta zauna, sai dai a nemi wadda aka yi domin nailan. Yadi mai roba a ciki, irin na hijabi mai talewa, yana son leda siririya mai talewa tare da shi, in ba haka ba rubutun ya tsattsage a sawa ta farko.

Shadda tana da hukunci na daban. Mai kyau daga cikinta, irin wadda kamfanin Getzner yake saƙawa a Bludenz ta ƙasar Ostiriya, auduga ce, saboda haka ba narkewa ake ji mata ba. Darajarta tana cikin ƙyallin da aka samar ta hanyar matse ta tsakanin manyan ƙarafa da kuma abin da aka shafa mata a masaƙa, kuma tururin da ke tashi a ƙarƙashin injin yana iya sauya wannan ƙyalli a wuri ɗaya ya bar sauran, shafin kuma yana iya hana gam isa ga zare. Ga kuma shadda ta kwaikwayo wadda roba ce tsantsa. Idan aka auna tsadar yadin da kuma yadda aikin zare, na hannu ko na inji, yake zama a jikinsa, da wuya a sami dalilin kai shadda ƙarƙashin injin matsi.

Haka abin yake, ko ma fiye, ga fata. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda fatake suka riƙa ƙetarawa da ita Sahara har Turawa suka san ta da sunan Maroko, da bagaruwa majema suke jeme ta, a kuma rina ja da karan dafi. Fatar da aka jeme da tsiro ba ta kai wadda aka jeme da sinadarin masana'anta jure zafi ba. Idan da danshi a jikinta, zafin da bai kai na tafasar ruwa ba ya isa ya sa ta tsuke ta ƙandare, kuma ba ta komawa. Ko a bushe take, ƙarfe mai zafi yana jawo man da aka shafa mata zuwa sama, wurin ya yi duhu, man kuma ya shiga tsakanin gam da fata. Ana iya yi da leda mai ƙaramin zafi da ɗan ƙaramin dutsen guga da ke bin haruffa kaɗai, amma sakamakon ba ya kama ƙafar abin da dukawan garin suka gada na yanka da ɗori da tambari da ɗinkin zare a kan jaka da matashi da takalmi. Fatar roba kuwa, wadda ake rufe kujeru da littattafan taro da ita, ƙarfe yana shafe ƙirar da ke fuskarta nan take, kuma idan PVC ce ta ƙone tana fitar da hayaƙi mai cutar da ƙirji, abin da ya sa bai kamata a yi aikin a rufaffen shago ba.

Akwai wata mafita mai sauƙi da ta dace da garin da teloli suke ko'ina, wato a buga rubutun a kan ƙyallen auduga mai ƙarfi, a yanke shi kamar bajo, a kai wa tela ya ɗinka a jikin jaka ko lema ko hijabi, ta yadda kayan ba za su ga wuta ba sam. Idan jakunkuna ne ɗari-ɗari masu zane iri ɗaya, bugun fenti ta rariya ya fi araha ya kuma fi aminci. Masu yi a gida da dutsen guga na lantarki suna iya dogara da ɗigon da ke jikin maɓallinsa, wanda bisa tsarin da aka daɗe ana bi ɗigo ɗaya yake nufin kusan digiri 110, biyu 150, uku 200, da sharaɗin a kashe tururi, a danna a ɗaga maimakon a goga, a kuma yi a kan tebur mai tauri. Dutsen gawayi ba shi da ma'auni, saboda haka ba shi da wuri a wannan aiki.

Sai dai dutsen gawayin yana jiran rigar a gaba, a hannun mai wanki da guga, kuma rubutu da yawa da aka manna daidai a can yake lalacewa. Gam yana bukatar kwana guda kafin ya ga ruwa, rigar kuma a juye ake wanke ta, ba da ruwan zafi ko bilic ba, a shanya ta a inuwa, a goge ta ta ciki. Masu shagon da suka daɗe a sana'ar sukan faɗa wa mai kaya wannan tun wajen karɓar aiki, sukan kuma nemi a ƙaro riga ɗaya ko ƙyallen da ya rage wajen tela domin gwaji, su buga a kai su ajiye kwana biyu ko uku kafin su taɓa sauran. Mai kayan da ya zo da riguna ashirin ana gobe wasa yakan ga wannan jira kamar jan rai ne, kuma a irin wannan hali akan yi magana a fili tun kafin a kunna inji, a gaban shaida idan kayan masu tsada ne, a kan wanda zai ɗauki asara idan launi ya hau.